Injin Marigayi Ya Ga Legas da Kwatano

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai sayar mini da kayan miya a kasuwar Ikara sai da ya tsayar da awo ya ce, "Malama, wai da gaske har ƙasar waje kuka kai injin?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura an fara ƙara wa labarin gishiri, don na ji ana cewa jirgi muka hau. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar 'yan mata a Kudan, gidana kuma yana Ikara. Mijina ya rasu ya bar ni da yara uku da mota ɗaya ruwan toka, 'yar Kwatano. Da aka raba gado motar ta faɗo a rabon autana Habibu, wanda yanzu yake aji uku a firamare. Da ita nake bi ta Makarfi in je aiki, in dawo in tarar da yara kafin su watse a unguwa. Ban da haka ma ina son motar nan, ba zan ɓoye ba. Marigayi ya yi shekaru yana tari kafin ya saye ta, kuma in na zauna a kujerarsa sai in ji gidan bai gama rushewa ba.

Laifinta ɗaya ne: shan baƙin mai. Ka ɗura mata galan ranar Asabar, kafin Juma'a ta nemi wani. Hayaƙin da take fitarwa ta salansa kuwa ya sa ɗalibaina suka laƙaba mata Kasko. Yayana Iliya bakanike ne a Kudan, shi ya duba ta ya ce ringi ne suka mutu, sai an sauke inji an canza su da fistin gaba ɗaya. Da ya faɗi kuɗin aikin sai da na nemi benci na zauna.

Labari ya kai kunnen Baffa Sule, yayan mijina, dillalin rake a Makarfi kuma waliyyin yarana. Yara ke ce masa Baffa, ni ma na bi bakinsu. Ya tara dangi ya ce dukiyar maraya ba a barinta tana ƙonewa a kan titi. Da zarar an gama girbi za a sayar da motar ga masu yanka motoci a Kaduna tun tana da sauran daraja, a saya wa Habibu 'yar gona. Maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ta fi ƙona mini rai.

Ana cikin haka wani abokin marigayi da ke zaune a Turai ya kira mu gaisa. Da na ba shi labari ya ce ai ciwon nan sananne ne, kamfanin da ya ƙera motar da bakinsa ya amsa cewa daga masana'anta aka yi kuskure a irin wannan injin, kuma a can kyauta suka riƙa gyara wa mutane. Yaya Iliya ya ce ba shakka, duk irinta da ta shigo garejinsa da wannan ciwon take zuwa. Na bincika na gano kamfanin na da babban ofis a Legas. Na je har Makarfi na durƙusa na roƙi Baffa ya dakata in gwada sa'ata.

"Ke kaɗai?" ya ce. "Mace ta shiga gaban manyan mutane neman alfarma babu babba a gaba? Ai sai su ce ba mu da kowa."

Ya kamata in gaya muku wane ne Baffa. A Makarfi in za a nemi aure a gidan da ake jin tsoro, shi ake turawa. In rikicin iyakar gona ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ake ɗaukowa. Yana alfaharin ba a taɓa aikensa ya dawo da "a'a" ba. Ya ce da shi za a je, Iliya ya biyo mu a matsayin muharramina kuma mai ɗaukar kaya, amma da sharaɗi: in kamfani ya ƙi, ba zan sake buɗe baki a kan maganar sayarwa ba. Na amince.

Kasko ba za ta iya kai kanta Legas ba, don haka Yaya Iliya ya sauke injin. Baƙi ƙirin yake, mai ya daskare a ko'ina, ni kuwa haka nake so su gan shi. Baffa ya zagaya shi yana girgiza kai.

"Ki kai wa mutum abinsa da dauɗa haka? Cin fuska ne, Malama."

"Baffa, ai dauɗar ce shaidarmu."

"Shaida a kotu ake kai ta. Mu roƙo za mu."

Aka wanke shi da fetur, aka kira mai fenti ya fesa masa ruwan azurfa. Yaya Iliya, wanda na sa ran zai goyi bayana, ya koma gefe yana sha'awar aikin har da ɗaukar hoto. Baffa ya haɗa gaisuwar da za a kai wa kamfani: ɗaurin rake zaɓaɓɓe, mazarƙwaila cike da kwali, da zabbi biyu.

A Zariya muka shiga doguwar bas. Kwandasta ya ɗaga buhun da injin ke ciki, ya kasa, ya ce wannan fasinja ne, kuɗin mutum guda za a biya masa. Baffa ya ce ya yarda, amma a ba injin kujerarsa ta gefen taga. Aka yi ta dariya, aka sasanta, inji ya shiga but tare da buhunan albasa. Ba mu bar Kaduna ba wani fasto ya miƙe ya yi addu'ar sauka lafiya, Baffa na amsawa da amin fiye da kowa, ya ce hanyar nan ba ta da kyan da za a tsaya zaɓen mai addu'a. Fasto na zama mai magani ya tashi da kwalba ɗaya da ke warkar da basir, hawan jini, ciwon baya da mantuwa. Baffa ya sa na tambaye shi ko tana yi wa mota mai shan baƙin mai. Mutumin bai ko yi murmushi ba, ya ce a gwada cokali biyu.

Bayan mun haye gadar Jebba aka tsaya cin abinci. Aka kawo wa Baffa amala da miya mai yauƙi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni a hankali ko tuwon ƙonewa ya yi suka ji kunyar zubarwa. Ya ci don kada ya ɓata wa mai abincin rai, sai ga shi ya nemi ƙari. A nan ne kuma Yaya Iliya ya buɗe kwando don ya ba zabbi ruwa, ɗaya ta tashi sama. Rabin fasinjojin bas suka bi ta, har da fasto. Ta faɗa dajin da ba mu san kowa ba a cikinsa, Yaya Iliya ya dawo da yagaggen wando.

A Agege muka sauka, gidan Alhaji Mudi, mutumin Makarfi da ya daɗe yana sayar da tumatir a can. Matarsa Iya Basira Bayarabiya ce, Hausarta tsaf amma da waƙa-waƙa a ciki. Ta karɓe ni kamar 'yar uwarta, ta zubo mini shinkafa da jar miya. Loma biyu na yi hawaye suka ɓalle mini don yaji. Ita kuwa an riga an gaya mata ni bazawara ce, sai ta rungume ni tana cewa, "Yi haƙuri, ƙanwata, Allah ya jiƙansa. Ci abinci." Ta ƙara mini miya. Haka na yi ta kuka tana ta lallashi har na share kwanon.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a Legas shi ne kowa gudu yake, kuma ba wanda ya biyo shi. Mota ba ta tsayawa a shiga, rage gudu take ka yi tsalle. Gaisuwa kuwa abin tuhuma ce. Baffa ya zauna kusa da wani mutum a bas ya ce masa ina kwana, ina gajiya, ya iyali, mutumin ya dafe aljihunsa ya koma wata kujerar. Baffa ya yi ta jimamin abin, ya ce ƙila rasuwa aka yi masa.

Ofishin kamfanin gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Maigadi ya ce zabuwa da rake ba za su shiga ba, muka bar masa ajiya. Inji kuma a baro Yaya Iliya ya tura shi a kan tayil mai sheƙi, tayar baron na kuka, mutane na juyowa. Ba a sallama, wata na'ura ce ke tofo 'yar takarda mai lamba, ka zauna cikin sanyi kamar na firji har a kira lambarka. Da aka kira tamu muka tarar da wani matashi mai taye a bayan tebur. Ya tambaya da Turanci me zai yi mana. Ni ce tafinta.

Baffa ya gyara zaman babbar riga ya fara. Ya tambayi gajiyarsa, da iyali, da aiki, da ruwan sama, da lafiyar masu gidansa na Turai. Ina fassarawa, yaron na amsawa yana satar kallon agogo. Sannan Baffa ya shiga yabo.

"Gaya masa tun da muke ba mu ga mota irin tasu ba. Gaya masa ta bi hanyar Saulawa da tsakiyar damina, inda tarakta ke tunani kafin ta shiga. Gaya masa ta kai amare, ta kai masu naƙuda, ba ta taɓa kwana da mu a daji ba."

Na gaya masa. Yaron ya daina kallon agogo ya fara rubutu.

"Gaya masa ita ta kai ƙanena asibiti a Zariya." Muryar Baffa ta ɗan sauka. "Ita kuma ta dawo da shi."

Wannan da ƙyar na iya juya ta zuwa Turanci. Da na gama na ga dama ta samu, sai na ɗora da nawa, na ce sai dai akwai wata furoblam da injin yake da ita. Na manta shekarun da Baffa ya yi yana ciniki da masu sayen rake daga Kudu. Kalmar nan ya san ta.

"No furoblam," ya ce wa yaron da murmushi, har da ɗaga hannu. Ya juyo gare ni ya rage murya. "Wa ya aike ki, Malama? Ana zuwa ɗakin mutum a fara masa da aibin ɗansa? Ki bari ya taka mana."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da yake nufi. In ka je neman alfarma wurin babba, sai ka gaisa, ka yabi gidansa, ka sha ruwa, ka yi sallama kamar zumunci kawai ya kawo ka. Sai ya taso ya raka ka ƙofar gida, babu idon kowa, sannan ka ɗan sosa ƙeya ka ce, "Af, na ce ba..." A nan ake faɗin abin da ya kawo mutum, a nan kuma ake jin nauyin hana shi. Da wannan dabarar Baffa ya ci duk nasarorinsa.

Yaron kuwa murna ta kama shi. Ya ce tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa tasowa daga nesa haka don godiya kawai, har da ɗauko inji a nuna musu yadda ake kula da shi. Ya kira abokan aikinsa, aka tsayar da mu a bayan baro, aka ɗauki hoto. Aka ba kowannenmu hula hana-salla mai tambarin kamfani da kalanda. Ya miƙa wa Baffa hannu daga inda yake tsaye, ya danna wani abu a tebur, aka kira lamba ta gaba.

Baffa ya tafi a hankali kamar mai ciwon ƙafa, yana ba shi lokaci ya biyo mu. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, muka fita, ta rufe da kanta. Muka tsaya a rana.

"Takalmi yake nema," in ji Baffa.

Ta cikin gilashi muna hango yaron yana dariya da wata mata mai jan gashi.

"Baffa, nan ba a rakiya."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar. "To a ina suke faɗin magana?"

"A kan kujerar da muka taso."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi tafiyar da ban taɓa yi ba, na ci yajin da ban taɓa ci ba, na zo gaban wanda zai iya ceton motar ɗana, an ba ni hula. Ban ce wa Baffa komai ba don ba a haka aka rene ni ba, amma na koma na ciri sabuwar lamba ban nemi izininsa ba.

Da layi ya sake zagayowa na zayyana wa yaron komai. Ya rikice, ya ce amma Baba ya ce babu matsala, har ya tura hotonmu sama wurin manyansa. Ya kalli injin da ke ƙyalli kamar kwanon amarya, ya kalle ni. Daga baya ya buga lambar jikin motar a kwamfuta, ya ce wannan ba ta hannunsu aka saye ta ba, daga Turai ta bi ta Kwatano ta shigo, saboda haka ba ta cikin lissafinsu. Ya karɓi lambar wayata ya ce za su tuntuɓe mu. Ya ƙara da cewa kamfanin na da wakili a Kwatano, ko za mu gwada can. Da muka fito maigadi ya nuna kamar bai taɓa ganin zabuwa ba a rayuwarsa, rake kawai ya maido.

Ni na sare. Baffa ne ya ce ba zai koma Makarfi da hula ba, Kwatano ko a bayan teku take sai ya je. Alhaji Mudi ya haɗa mu da wani direba mai zirga-zirgar iyaka. Fita ba ta yi wuya ba, aka duba katunanmu, aka leƙa but, ba wanda ya damu da abin da ke barin ƙasa a cikin buhu.

Kwatano ta ba ni mamaki. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Mata na tuƙa babur da goyo, wata har da daro a ka. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Mun sauka a Zango gidan wata Hajiya Bazabarma mai sayar da atamfa, ta ba mu shayi da wani dogon burodi mai tauri. Baffa ya riƙe shi ta tsakiya yana juyawa, ya tambaya ko ferewa ake yi. Turancina kuwa ya tashi aiki, don Faransanci ake yi a can, ko ruwa ba zan iya saya da shi ba. Mijin Hajiya ne ya zama tafintanmu.

Mun isa ofishin wakilin da rana tsaka muka tarar da shi a kulle, wai duk ma'aikata sun tafi gida cin abinci da ɗan barci. Wannan kaɗai ya burge Baffa a duk tafiyar, ya ce mutanen nan sun san darajar ƙailula. Muka zauna a inuwa muka sha raken kamfani.

Da aka buɗe, Baffa ya ce ya ɗau darasi, yau irin ta Legas zai yi. Muna shiga, ko zama bai yi ba, ya nuna baro ya ce wa tafinta, "Gaya masa injinsu mushe ne, gyara muka zo a yi mana." Sai ga shi wanda muka tarar dattijo ne mai furfura, ya riga ya taso da hannu biyu yana tambayar yadda muka sha hanya, ya sa an kawo kofi. Fuskarsa ta canza da jin fassarar. Duk da haka cikin ladabi ya bayyana mana cewa ciwon gaskiya ne, gyaran kyauta ma gaskiya ne, amma a ƙasar da aka fara sayar da motar aka yi shi, kuma wa'adinsa ya wuce tun motar ba ta hau jirgin ruwa ba. Ya ba mu haƙuri. Sannan ya taso ya raka mu har bakin titi, ya tsaya yana jira ko akwai sauran magana. Baffa ya buɗe baki ya rufe, don ya riga ya zubar da ita duka a ciki.

Muka kama hanyar dawowa. Ni ina ta tunanin yadda za a zo da janwe a ja Kasko daga ƙofar gidana yara na kallo. Ban san akwai abin da ya fi wannan ba sai da muka iso iyaka. Wani jami'i ya sa aka buɗe buhu, rana ta haska ruwan azurfa. Ya ce sabon inji ne muka sayo a Kwatano, ina takardun shigo da shi? Muka ce namu ne, daga gida muka fita da shi. Ya ce ina shaidar fita? Babu. Ya kalli kan Yaya Iliya, ga hular kamfani. Ya zaro kalanda daga jakar Baffa. Ya ce a sauke inji a kai sito.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Baffa ya tsorata. In aka riƙe injin, ko masu yanka mota ba za su ba da abin kirki a kan gwangwanin da ya rage ba, kuma da hannunsa ya fito da dukiyar maraya ya salwantar. Ya tattara babbar riga ya zauna daram a kan injin. Mutumin da ya yabi injin nan a Legas har aka ɗauke shi hoto, yau shi ne ke rantsuwa cewa bai taɓa ganin tarkace irinsa ba.

"Wallahi fenti ne, ranka ya daɗe. Ni na sa aka fesa. Ciki duk ruɓa ce."

"To me ya sa ka yi wa ruɓa fenti, Baba?" Jami'in yana jin Hausa sosai.

"Kunya," in ji Baffa.

Aka kira babbansu, wani mai tumbi da gilashi a goshi. Baffa ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malama, yi magana." Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na yi magana. Duk abin da na ƙunsa tun daga Ikara na juye wa mutumin nan: galan da ke kwana a but, hayaƙi, sunan da ɗalibai suka sa mata, marigayi, Habibu, girbi da ke matsowa. Yana saurare sai ya tambayi irin motar da shekarar da aka ƙera ta. Na faɗa. Ya sauke gilashinsa, ya buɗe murfin da ake zuba mai, ya zura yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin da dasƙararren mai, inda fetur ɗin Baffa bai kai ba.

"Irinta gare ni," ya ce. "Matata ta hana ni ajiye ta kusa da shanya." Ya juya ga yaransa. "Ku mayar musu da kayansu. Ba mai hankalin da zai yi fasa-ƙwaurin wannan injin."

Duk faɗin tafiyar nan, shi kaɗai ne ya saurari ciwon motar har ƙarshe ya kuma ce sannu. Na gode masa da hawaye, wannan karon ba na yaji ba.

Mun iso gida ana yankan dawa. Yaya Iliya ya mayar da injin mazauninsa don a sayar da motar a haɗe. Baffa ya tara dangi a zaurensa na Makarfi, aka kira ni, na zauna daga bakin ƙofa. Na yi alkawari ba zan buɗe baki ba, kuma ban buɗe ba. Wani ƙanensu har ya zo da lambar dillali daga Kaduna.

Baffa ya yi gyaran murya. Ya ce kamfani ya karɓe mu hannu biyu. Ya ce sun ɗauki hotonmu sun aika wa manyansu. Ya ce a Kwatano babban wakilinsu da kansa ya amsa cewa laifin nasu ne, ya kuma rako mu har titi. Ya ce sun karɓi lambar waya, da bakinsu suka ce za su tuntuɓe mu. Na bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙarya, ban samu ba.

"Saboda haka," ya ce, "magana tana gaban manya. Abin da ke gaban manya kuwa ba a sayar da shi, sai a ce mun raina su. Baƙin man da take sha kafin su kira, a kaina yake."

Ƙanen nasu ya mayar da wayarsa aljihu. Aka shafa fatiha, aka watse, ni da Baffa muka rage. Na matsa na durƙusa.

"Baffa, kana ganin yaushe za su kira?"

Bai dube ni ba, yana ta gyara bakin tabarma da yatsa.

"Babban kamfani ba ya gaggawa, Malama," ya ce. "Ba mamaki sai Habibu ya isa tuƙi."